Dashen Albasar da Muka Tsamo Daga Bakin Ramin Taki

Ƙarshen damina ne, ruwa ya fara ɗaukewa. Hadari kan taso ya yi ta gurnani, ya wuce bai zubar da komai ba. Shekarar ba ta zo mana da sauƙi ba. Fara ta sauka a gonakinmu gero yana cikin fid da kai, kwana biyu kacal ta yi, ta bar mana kara a tsaye. Abin da muka kai rumbu, ko an yi ta tattali, ba zai kai mu bazara ba. Duk gidan da ka shiga a ƙauyenmu, nan kusa da Maiyama, zancen ɗaya ne: sai dai fadama. In albasa ta yi, a kai kasuwa a samo hatsi. In ba ta yi ba, to, ba mai son ƙarasa maganar.

Ku da muke zama aji ɗaya na yaƙi da jahilci kun yi ta tambayar inda na shiga kwana huɗu, har kuka wuce ni da shafi biyu. To ga labarin, na rubuta a hankali, yadda hannuna ya iya.

A gidanmu ni ke ajiye irin albasa, don ni ce 'yar Aliero, garin albasa. Yadda na gani a gidan ubana haka nake yi: a shanya iri, a zuba a gora, a toshe bakin da tsumma, a shafe da laka, ba a kuma buɗewa sai ranar yafawa. Na kiyaye wannan, ban taɓa gorar ba duk damina. Ashe jinkar rumbu tana yoyo daidai inda na rataye ta, kuma gorar ta tsage ta baya, wurin da ido ba ya kaiwa. Ran da na fasa lakar, warin danshi ya bugi hancina. Na yafa duk da haka. Kwana goma sha biyu ina zuwa ina duƙawa a kan fangali, ko kore ɗaya ban gani ba. Maigida kuwa yana kwance da kurkunu a ƙafa biyu, ko ƙofar gida da jan gindi yake kaiwa. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ya ce kawai iri wurin dangi ake roƙonsa, kuma dangin nawa ne ke da shi.

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Aliero, ni da goyona, da ƙanen maigida da jakinsa. Manyan yaran na bar su wurin kakarsu. Ƙanen nan nasa magidanci ne, da 'ya'ya uku, amma bakinsa ba ya hutawa, kuma har yau amarya yake ce mini, shekara goma sha biyu da kawo ni. Tun kafin mu fita ƙauye ya fara: wai da shi aka ba ni tun farko, da yanzu irina yana nan lafiya lau, don rumbunsa ba ya yoyo. Na ce masa rumbun da babu komai a ciki ai ba a gane yoyonsa. Ya ce to, yau amarya ta tashi da baki.

Mun bi sabuwar hanyar da Turawa suka sa aka share. Tana da faɗi, ta miƙe sosai, sai dai duk itacen da zai ba mutum inuwa an sare shi. Jakin ma bai yarda da ita ba, kullum yana neman komawa tsohuwar turba. Mota ɗaya ta wuce mu duk wunin, tana ƙara tana hayaƙi, jaki ya afka cikin dawar wani bawan Allah, sai da muka ba da haƙuri. Gonakin gero duk kamar namu suke, kara tsirara. Dawa ce ta ɗan tsira, ita da maiwa. A wata mararraba muka sami matan Fulani da ƙoren nono, na sayi na anini biyu muka dama furar da na ƙullo. Nonon ya yi kauri, ba a tsarma masa ruwa ba. Mazansu na gefe suna daidaitawa da wani mai gona a kan shanu su kwana masa a gona bayan girbi, su bar masa taki, ana yi da Fulatanci ana juyawa Hausa, ba mai jin an bar shi a baya.

Gulbin da ke gaban Jega a cike yake har baki. Mai fito ya ce mutum kwabo, jaki kwabo biyu. Ƙanen maigida ya tsaya gardama: jakin da zai yi iyo da ƙafarsa, igiya kawai za a riƙe masa, ta yaya zai fi wanda aka ɗauka a jirgi tsada? Mai fito ya ce ai mutum ba ya harbin jirgi. Muka biya. Ni dai na rufe ido na riƙe goyona har sai da na ji ƙasa.

Kasuwar Jega, wanda bai gan ta ba zai ce ƙari nake yi. Goro a huhu, gishiri a jere, busasshen kifi har ya gunduri hanci, ga kantin Turawa ana auna fata da gyaɗa a kan sikeli. Hatsi kuwa ya yi tsadar da na tambaya sau ɗaya ban sake ba. Na ga wata tsohuwa mai daddawa da ta ƙi karɓar anini, ita wuri ta sani, wai kuɗin da aka huda a tsakiya albarkarsa ta zube. A can ƙarshen rumfuna na sami mai irin albasa, mutum ɗaya tak, yana aunawa da ɗan ƙoƙo. Irin baƙi ƙirin, kyakkyawa a ido. Na roƙe shi ɗan tsunkule, na zuba a ruwan ƙoƙona. Fiye da rabi ya taso sama. Wanda ya nutse na tauna, ba yaji, ba ƙamshi, kamar gawayi. Na shekaran bara ne, ko na gabanta. Mai irin ya ce, "Baiwar Allah, saye kika zo yi ko wanka kika zo yi mai?" Na yi masa godiya na wuce. Mun kwana gidan wata mai hoce, wainar dawa, da ta san surukata, ta ba mu da zafinsa da miyar kuka, na ci ne kawai don mai shan nono.

Washegari kafin azahar muna Aliero. Tun daga bayan gari warin albasa ke tarbar mutum, ko'ina ka duba fangali ne kore shar, jigon ban ruwa na sunkuyawa yana tashi. Raina ya yi sanyi, na ce an zo gida. Goggona, yayar babana, ta tarbe ni, ta karɓi yaron ta yi masa wasa, ta sa aka kawo ruwa. Sai da muka gama gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Ta kama hannuna zuwa bayan ɗaki, ta nuna mini gorunan iri guda biyar a rataye, duk bakinsu ƙasa.

"Ɗiyata, kin makara. Bana kowa ya tsorata, wanda ka yin fangali goma ya yi ashirin. Ko na magani ba mu rage ba."

Na tambayi dashe, wato tsiron da ya isa cirewa a kai gona. Ta ce kin san garinku, ba mai cire wa wani kafin ya gama nasa. In dawo bayan mako uku, abin da ya ragu nawa ne. Mako uku a wurinmu ya yi nisa. Fadamarmu ba kamar tasu ba ce, tana saurin janye ruwa, albasar da aka dasa a makare zafi ke riskarta ba ta yi kai ba. Da na ba ta labarin gorar, sai ta dube ni ta ce, ba a buɗewa, gaskiya ne, amma wa ya ce ba a girgizawa? Duk Juma'a uwarki kan sauko da ita ta kaɗa a kunne. Busasshen iri yana kuka, wanda ya sha danshi shiru yake yi. Ni ina yarinya na ga ana shafe gora da laka, ban taɓa lura da kaɗawar ba. Na sunkuyar da kai. Ta ɗaure mini gabu, busasshen ganyen albasa, a tsumma, na miya, ta ce Allah shi kawo mafita.

Da safe muka juyo. Can ƙanen maigida ya ce ya san wata hanya ta yanke da za ta fid da mu bakin gulbi ba sai mun ratsa Jega ba. Ban yi gardama ba, ba ni da ƙarfinta. Hanyar tasa ta shigar da mu cikin maiwa, muka yi ta zagaye har hantsi ya yi zafi, gorar ruwanmu ta ƙare. Muryoyin yara muka bi, suka kai mu gefen wani ƙauye da ban taɓa zuwa ba. Ga wani dogon ɗaki na ƙasa da jinka, makarantar boko ce, a bayanta kuma lambu da aka kewaye da darni, da rijiya a tsakiya. Muka tsaya roƙon ruwa.

Ina jiran guga na leƙa ta saman darni. Kowane fangali an kafa masa sanda da ɗan allo. Na tsaya ina haɗa baƙaƙen a raina: kuɓewa, karas, albasa. A gefe guda an haƙa ramuka uku a jere. Yara wajen ashirin suna ta kai da kawowa, kowa da rungumar wani abu kore, suna zubawa a ramin farko, kan kashin awaki da toka da shara. Hancina ya riga idona ganewa. Dashen albasa ne, mai kaurin tsinke, ganye huɗu huɗu, ɗan kwana arba'in, daidai ranar da ake so a cire shi.

Na ce wa ƙanen maigida ya yi magana da malaminsu, maza. Ya yi sallama, ya shiga gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa, yaya aka ji da fara. Yara kuwa suna ta zubawa. Kowace runguma ta faɗa ramin sai in ji kamar tuwon 'ya'yana ne. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, kun sani, balle gaban namiji baƙo. Amma na ji bakina ya ce, "Malam, don Allah a dakata da zubarwar nan."

Ya zo bakin darni. Saurayi ne, da farar riga mai ɗigon tawada a aljihu, da littafi a hammata, Hausarsa ta mutanen gabas. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce mini Inna. Ya yi bayani cewa Baturen gona ne ya bar musu littafin da gwangwanin iri, shi kuwa a birni ya tashi, ubansa marini ne, bai taɓa riƙe fartanya ba sai da aka turo shi nan. Gwangwanin duka ya juye a fangali huɗu, tsiro ya fito cunkus kamar gashi. Ya buɗe littafin ya karanta mini: in shuka ta yi yawa a cire, a bar tazara, abin da aka cire a zuba a ramin taki. Haka suka yi wa karas, kuma ya yi kyau. Na ce masa karas ban san halinsa ba.

"Amma albasa ba ta girma inda anka yafa ta, Malam. Wanga da kuke zubarwa, shi ne noman."

Ya juya wurin yaran, ya ce duk wanda ubansa ke noman albasa ya ɗaga hannu. Kusan duka suka ɗaga. Ya ce to me ya hana wani ya faɗa masa? Can daga baya wata murya ta ce, "Malam, ai kai ke da littahi."

Ƙanen maigida ya yi dariya har sai da ya dafa jaki. Ni kuwa na ce a raina mun kunyata mutum gaban almajiransa, yanzu zai sallame mu. Malamin ya daɗe yana kallon ramin. Sannan ya rufe littafin, ya ajiye a bakin rijiya, ya naɗe hannun riga ya ce, "Inna, shigo ki nuna mana."

Nan muka wuni. Aka tsamo na cikin rami, aka ware waɗanda suka karye. Na nuna wa malam yadda ake datse kan ganye, a rage saiwa, a huda ƙasa da yatsa iyakar gaɓa ɗaya, a bar faɗin yatsu huɗu tsakani, kar kuma a dasa sai rana ta yi sanyi. Yaran da suka yi shiru da safe yanzu kowa gwani ne, har suna gyara wa malam riƙon hannu, shi kuma yana tambaya yana rubutawa a gefen littafin nasa. Suka ja sabon fangali shida. Da la'asar aka dasa su duka, aka ba da ruwa, ga tulin dashe har yanzu a inuwa kamar ba a taɓa ba.

Shi ma ya nuna mini nasa sanin. Ramin farko sabon zubi ne. Na biyu an juya shi sau ɗaya, ya ce in sa hannu. Na sa na fizge, zafi kamar tukunyar tuwo, ba wuta ba komai. Na uku ya nuna, baƙi, da sanyi, yana ƙamshin ruwan farko. Duk wata ake juyawa daga wannan rami zuwa wancan, ana yayyafa ruwa. Ƙasar wurin jigawa ce, rairayi zalla, amma kuɓewarsu ta fi ƙanen maigida tsawo. Na tuna jujin bayan gidanmu da muke cinna wa wuta duk shekara.

Ƙanen maigida ya ja malam gefe ya tambaya ko za a sayar mana da ragowar. Malam ya ce kayan En'e ne, wato na hukuma, ba shi da ikon sayarwa, ba shi da ikon kyauta. Sai ya ƙara da cewa, "Amma wannan tun safe aka ce shara ce. Ban kuwa taɓa jin an hana mutum kwasar shara ba."

Ban san abin da na ce masa ba. Na dai san na durƙusa, ya ce in tashi don Allah, yara suna kallo.

Na ɗebi baƙin takin nan na rami na uku na kwaɓa da ruwa, na tsoma saiwoyin a ciki dami dami, na jera su a tsaye cikin masakin da matar mai garin ta ara mini, na rufe da jiƙaƙƙiyar ciyawa da faifai. Sauran muka shimfiɗa a mangalar jaki. A gidan mai garin muka kwana, zakara na fari muka tashi, wannan karon ta hanyar da kowa ke bi.

A bakin gulbi muka tarar an tsare jirage duka ana fito da kayan wani Bature mai rangadi: akwatuna, kujeru, bahon wanka, har da kejin kaji. Aka ce kowa ya jira. Muka jira har rana ta take tsaka. Da a wani wuri ne da na yi kuka, amma wanda ke tsoron bushewa, in za a tsare shi, gara a tsare shi a bakin ruwa. Na sami gindin wata ɗorawa, ina ɗebowa ina yayyafawa, ina ɗaga faifai ina leƙawa. Ƙanen maigida ya ce yaron da ke bayana ya kamata ya kai ƙara, an yi masa ƙanne dubu a kwana ɗaya an manta da shi. A cikin jirgi kuma wata akuya ta sa mini ido, duk faɗin gulbin hannuna ɗaya na kan masaki, ɗaya na kan ƙahonta. Ban ma tuna in rufe ido ba.

Rana na gab da faɗuwa muka shiga gida. Yara suka sheƙo, na ce kowa ya tsaya nesa tukuna. Na sauke masakin a ƙofar ɗakin maigida, na ɗaga faifai, na yaye ciyawa. Na gefe sun yi laushi sun kwanta. Na sa hannu tsakiya: sanyi, a miƙe, saiwa fara tas a cikin laka. Na mangala ma haka, sai kaɗan da igiya ta murje. Maigida ya jawo jiki ya zo, ya zaro ɗaya ya juya shi a hannu, ya sunsuna.

"Iri na aike ki nema," ya ce, "kin dawo muna da kwana arba'in."

Sai a lokacin na ji gajiya ta sauko mini gaba ɗaya, har surukata ta karɓi yaron ta ce in zauna kafin in faɗi.

Abin da na gani a tafiyar nan ba mai yawa ba ne. Ni na riƙe rabin abin da na gada, malamin nan ya riƙe rabin abin da ya karanta, kowannenmu kuma yana ganin ya kiyaye. Wanda ya san sauran rabin yana nan kusa, ko goggo ce ko yara ashirin, ba a dai tambaye shi ba. Shi da aka faɗa masa gaban jama'a bai yi fushi ba, ya naɗe hannun riga. Ina so in iya wannan. Kuma in kun ga na hana a ƙone jujin bayan gidanmu bana, ba hauka na yi ba, ku zo ku sa hannu bayan wata biyu.

Da gari ya waye, tun raɓa ba ta bushe ba, na ɗauki masakin na sauka fadama. Ƙanen maigida ya riga ni, yana kan jigo, ya cika fangali huɗu da ruwa, yana waƙar da ba ta da kai. Na gyara goyo, na tsuguna a kan fangalin nan da na yi kwana goma sha biyu ina kallo babu komai, na huda ƙasa da yatsa, na sa na farko, na danne gindinsa. Dashen ya tsaya. Na matsa yatsu huɗu na huda na biyu.